Yadda ake sauya bayanai a kanel ɗin Linux da RCU

Ƙannena masu koyon rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, a nan Marwa sun fi tuntuɓe a wuri ɗaya: yaushe za a goge tsohon bayani alhali wani furosesa yana kan karanta shi? Domin wannan aka shigar da RCU (Read-Copy-Update, wato karanta, kwafa, sabunta) cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, a 2002, kuma Paul McKenney ne ya daɗe yana kula da shi.

Aikin mai karatu ba wuya. Ka buɗe da rcu_read_lock, ka ɗauko manunin, wato adireshin inda bayanin yake, da rcu_dereference, ka rufe da rcu_read_unlock. Tsakanin buɗewa da rufewa ba barci, wato aikinka ba zai dakata ya saki furosesa ba, kuma ba jiran mutex, makullin da ke sa mai jiransa barci. In dole sai ka yi barci, SRCU ne naka, wato nau'in RCU da ya yarda da barci.

Mai rubutu ke da jan aiki. Kada ka taɓa tsohon bayanin. Kwafe shi, ka gyara kwafin tsaf, sannan ka juya manuni da rcu_assign_pointer, wanda ke tabbatar da cewa ba wanda zai ga sabon a rabin gyara. Idan masu rubutu sun fi ɗaya, ku riƙe spinlock, makullin da ake jira ba tare da barci ba, a tsakaninku, RCU ba ya raba ku.

Daga nan sai wa'adin jira. Ɗauka an gina sabuwar gada a kan Binuwai a Garwa, an karkata motoci can. Ba a rushe tsohuwar sai waɗanda suka riga suka hau ta sun sauka, su kaɗai ake jira. Haka synchronize_rcu yake: yana jiran masu karatun da suka fara kafin a kira shi, waɗanda suka shigo daga baya ba ruwansa da su, ai sabon za su gani. Bayan ya dawo ne kawai za ka kira kfree ka goge tsohon bayanin. Ina roƙonku kada ku yi gaggawa a nan, domin kanel zai iya yin makonni lafiya lau kafin ya faɗi a hannun mai amfani da shi.

Inda ba halin jira, call_rcu ko kfree_rcu za su yi gogewar daga baya. Amma mai amfani da call_rcu ya kira rcu_barrier kafin a cire modul ɗinsa, wato guntun manhajar da ya loda cikin kanel, in ba haka ba za a kira aikin gogewar bayan ya tafi tare da modul ɗin.

Yayin gwaji ka kunna lockdep, mai gano kurakuran kullewa, ka riƙa duba dmesg, inda saƙonnin kanel ke fitowa. Idan mai karatu ya maƙale har daƙiƙa 21, kanel zai buga gargaɗi tare da lambar furosesan da ya tsaya. Daga wannan lambar za ka fara bincike.