Yadda Za Ka Gane Ko Horon Aikido Zai Yi Maka Rana a Faɗan Gaske

Kafin ka ba wata makarantar aikido, wato wani salon faɗan hannu na Japan, kuɗinka da lokacinka domin koyon kare kai, fara zuwa a matsayin ɗan kallo, ka zauna gefe ka zuba ido a kan wanda ake kayarwa, wanda suke kira uke. A yawancin makarantu za ka ga ya kama wuyan hannun abokinsa, ya tsaya yana jira a murɗe masa tafin hannu zuwa waje, dabarar da ake kira kotegaeshi, sannan ya wuntsila da kansa tun kafin zafin ya kai masa. Wuntsilawar tana da dalili, domin da ita yake tsirar da gaɓarsa daga targaɗe, sai dai wanda ya tare ka da mugun nufi zai fizge hannunsa ne, ya kawo naushi da ɗayan, ko ya rungume ka ku zube tare.

Daga nan sai ka tambayi malamin ko akwai lokacin da ake barin abokin horo ya turje iya ƙarfinsa, domin a ganina amsar wannan tambaya ta fi duk wata takardar shaida da ke rataye a bango. Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido a Japan bayan ya fara koyon salon faɗan da ake kira Daito-ryu a hannun malaminsa Sokaku Takeda a 1915, bai yarda da gasa ba, kuma yawancin makarantun da suka bi sahunsa suna kan haka har yau. Ɗalibinsa Kenji Tomiki ya saɓa masa, ya shigo da karawa inda ɗaya ke riƙe da wuƙar roba yana neman sukar ɗayan, kuma wanda ya kalli irin wannan karawa zai ga yadda kyawawan kayen nan suke wuyar samuwa da zarar abokin karawa ya ƙi ba da kai.

Idan aka kafa maka hujja da cewa jami'an tsaro suna koyon aikido, sai ka bambanta aikin ɗan sanda da na soja. Makarantar Yoshinkan, wadda Gozo Shioda ya kafa a 1955, ta shahara da wani horo mai tsanani na wata 11 da 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokyo suka daɗe suna shiga, kuma hakan ya dace da su, tun da buƙatarsu ita ce su riƙe mutum su kai shi ƙasa ba tare da sun illata shi ba. Shi kuwa soja yana ɗauke da bindiga da kaya masu nauyi, kuma lokacin da ake ware masa don faɗa da hannu kaɗan ne. Da wani soja mai suna Matt Larsen ya fara sabunta wannan horo a rundunar Rangers ta Amurka a 1995, a kan jiu-jitsu na Burazil, wato salon da ya fi ƙarfi a kokawar ƙasa, ya ɗora tubali, aka haɗa da kokawa da damben boksin, saboda dabarunsu ana iya gwada su da cikakken ƙarfi tun a makonnin farko.

In har aikido ta kwanta maka a rai, ka riƙe abin da ta fi iyawa, wato faɗuwa ba tare da jin ciwo ba da kauce wa layin hari, sannan ka haɗa ta da judo ko boksin inda ake karawa da gaske. Dabarun ƙwace wuƙa kuwa ka gwada su da kanka: ka sa farar riga da abin kare ido, ka ba abokinka alƙalami mai kaurin baki (marker) a madadin wuƙa, ka ce ya kawo suka yadda ya ga dama na tsawon daƙiƙa 30, bayan nan ka cire rigar ka ƙirga layukan da ke jikinta.