Kurakuran da namu suka fi yi a zaman Koriya ta Kudu, da yadda za a gyara su

Bahaushe ba ya shan wahalar ladabi a Koriya. Mutumin da ya tashi yana tuɓe takalmi kafin ya shiga ɗaki, yana russunawa idan zai gaida babba, yana zama a ƙasa a ci abinci, ya riga ya san yawancin abin da ake faman koya wa baƙi game da mutanen ƙasar. Inda namu suke tuntuɓe daban ne. Mun saba kusan kowace matsala tana da ƙofar "a yi haƙuri", ko a nemo wanda ya san wani. A Koriya ta Kudu kuwa, takarda da ranar da aka rubuta a kanta ba sa jin roƙo. Jami'i zai saurare ka cikin mutunci, ya sunkuyar maka da kai, sannan ya miƙo maka takardar tara.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai ana yinsa ne tun kafin a hau jirgi: miƙa kuɗin gona ko na fili ga dillalin da ya yi alkawarin bizar aikin masana'anta. Bizar ana kiranta E-9, kuma tun daga 2004 gwamnatin Koriya take bayar da ita ta hanyar yarjejeniya da wasu ƙasashe ƙalilan, irinsu Vietnam, Nepal, Indonesiya, Bangladesh da Pakistan. Nijeriya ba ta ciki, Nijar ba ta ciki, Gana ba ta ciki. Duk wanda ya zauna a Kano ko Yamai ya ce zai samo maka ita, ko dai kuɗinka zai cinye, ko kuma ya tura ka da bizar ziyara ta ɗan lokaci, wadda aiki da ita laifi ne. Ƙofofin da suke buɗe a gare mu na gaskiya su ne karatun jami'a da bizar D-2, koyon harshe da D-4, aikin ƙwararru da E-7, sai tallafin karatu na gwamnati mai suna GKS, wanda ake nema kai tsaye ta ofishin jakadanci ko ta jami'a, ba tare da ɗan tsakiya ba.

Sai ranar sauka a filin jirgin Incheon. Uwa ta ƙulla maka kilishi da dambun nama saboda ta ji an ce ƙasar alade suke ci, kai kuma ka cusa a ƙasan akwati ka yi shiru. Koriya ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ba, ɗanye ko busasshe, akwai karnuka masu sansanar kaya, kuma tarar wanda ya ɓoye tana iya kaiwa won (kuɗin ƙasar) miliyan 10. Idan ka riga ka taho da shi, rubuta a takardar kwastan ka nuna musu. Za su karɓe, amma ba za a ci ka tara ba. Goro da sauran kayan gona ma a bayyana su. Magani mai ƙarfi irin na kashe ciwo kuwa, kada ka ɗauko sai da takardar likita, wasu ma sai da izinin hukumar kula da magunguna ta ƙasar. Saƙon wanda ba ka ga abin da ke ciki da idonka ba, ko ɗan'uwa ne, ka ba shi haƙuri.

Wanda zai wuce kwana 90 dole ne ya nemi katin zama na baƙi kafin kwanakin su cika. Da yawa suna cewa ai da sauran lokaci, ba su san sai an kama gurbi a HiKorea, shafin intanet na hukumar shige da fice, ba, kuma a watan Maris da Satumba, lokacin da jami'o'i suke buɗewa, gurbin yakan cika na makonni. Katin nan shi ne mabuɗin komai: layin waya na dindindin, asusun banki cikakke, har saye ta intanet, domin kusan kowace manhaja tana tantance mutum ne ta lambar wayar da ke ɗauke da sunansa. A lura da wani ƙaramin abu mai cin rai: yadda aka jera sunanka a katin, haka za a rubuta shi a banki da kamfanin waya, harafi da harafi. Idan nan an sa Abdul Rahman can an sa Abdulrahman, na'ura za ta ce mutum biyu ne. Idan ka sauya gida, ka sanar da hukuma kafin makonni biyu su wuce. Ɗalibi kuma kada ya fara ko da wanke kwanuka a gidan abinci sai ya karɓi izinin aiki daga hukumar shige da fice, ko da mai wurin ya ce babu komai. Idan an kama, kai ne bizarka take kan siraɗi. Duk abin da ya shige maka duhu, kira 1345, layin hukumar shige da fice, suna amsawa da Turanci, Faransanci da Larabci. Matambayi ba ya ɓata, kuma ya fi jin ta bakin wani da ya ce shi ma haka ya yi bai ga komai ba.

Takardar inshorar lafiya ma haka namu suke jefa ta a kusurwa domin ba su iya karanta ta ba. Tun daga 2019 ta zama tilas ga baƙon da ya kai wata shida, ɗalibai kuma an shigar da su daga 2021. Bashin yana taruwa a hankali, sai ranar sabunta biza ya fito.

Akwai kuma kuskuren da kyakkyawar zuciya take jawowa: ara wa wani asusun banki ko kati. A gida ba komai ba ne a ce "bari a turo ta naka". A can laifi ne a doka, domin da irin waɗannan asusun 'yan damfarar waya suke wanke kuɗin da suka sato, kuma sunan da ke kan asusun shi 'yan sanda za su nema.

Neman gida yana bukatar natsuwa. Ba shekara guda ake biya gaba ɗaya kamar namu ba. Ana ajiye kuɗin jingina mai kauri, sau da yawa won miliyan 5 ko 10 a kan ɗaki ɗaya, sannan a riƙa biyan haya duk wata. Akwai wani tsarin da suke kira jeonse, inda ake ajiye maƙudan kuɗi ba a biyan haya, a mayar maka idan za ka tashi, kuma a 2022 da 2023 dubban 'yan ƙasar da kansu sun yi asara a cikinsa. Sabon zuwa ba shi da dalilin shiga. Ko a haya ta wata-wata, kada ka ba da kuɗi a kan magana ta fatar baki. Ka bi ta dillali mai lasisi, ka nemi a nuna maka rajistar gidan don ka ga sunan mai shi da bashin da ke kansa, ka tura kuɗin asusun wannan sunan kaɗai, sannan ka kai yarjejeniyar ofishin unguwa a buga mata hatimin kwanan wata, ka kuma yi rajistar adireshin. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suke kare kuɗinka idan aka sayar da gidan a kan bashi.

Da ka tare, rigimar farko da maƙwabta a kan shara take tashi. Tun 1995 ba a zuba shara sai a cikin ledar hukuma da ake saya a kanti, kuma kowace gunduma da tata. Ragowar abinci daban, roba daban, kwalba daban, kwali a buɗe shi a shimfiɗe. Ƙashin kaza da ɓawon ƙwai ba sa cikin ragowar abinci, shara ce ta gama-gari. Za ka ga dattijon da ke gadin gida ya tsuguna da safar hannu yana tona ledar da aka yar ba daidai ba, yana neman rasit ko ambulan mai suna. Ka same shi ranar farko, ka gaishe shi, ka ce ya nuna maka ranaku da wurin ajiyewa. Zai yi murna, kuma ka yi aboki mai amfani. Ka kuma tuna na ƙasa da kai yana jin takunka: hira da ƙarfi da tsakar dare, ko daka a turmi, tana iya kawo ƙorafi.

Batun abinci shi ne inda Musulmi ya fi bukatar buɗe ido, kuma kurakuran iri biyu ne. Wani yana ganin idan bai ga tsokar alade a kwano ba shi ke nan. Alhali romon miya, garin ɗanɗano na taliyar leda, burodi mai ciko, alewa mai danƙo, duk suna iya ɗauke da shi, kuma ana zuba giyar girki a miya da nama da yawa. Tambayar "akwai nama?" ba ta isa ba, don mai abinci zai iya ce maka babu, yana nufin babu yanka-yanka, ya manta da siraran naman gwangwani da ya saka a shinkafar. Gyaran shi ne ka haddace siffar wannan kalma, 돼지고기, wato naman alade. Doka ta sa a rubuta ta a bayan kayan da aka ƙunshe, cikin jerin abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa. Na biyun kuma shi ne wanda tsoro ya sa ya koma cin burodi da shayi har ya rame, ga kifi, ga kayan teku, ga ganye, ga abincin gidajen ibadar mabiya Buddha wanda babu nama a ciki. Naman halal ana samu a shagunan da ke kewaye da Babban Masallacin Seoul a unguwar Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, kuma suna aikawa har wasu garuruwa. Ka riƙa yawo da 'yar gorar ruwa a jaka, domin yawancin bayin jama'a takarda ce kawai, idan kuma ka yi alwala a wurin wanke hannu, ka goge ruwan da ya zuba kafin ka fita.

Cin abincin dare na abokan aiki ko na 'yan ɗakin bincike, inda ake shan giyar ƙasar mai suna soju, wasu namu gudunsa suke yi gaba ɗaya, sai a ɗauke su masu girman kai. Ka faɗa wa shugaba ko farfesa tun farko, sau ɗaya, a fili, cewa addininka ya hana ka giya da alade. Yawancinsu za su girmama wannan, wasu ma su sauya wurin cin abincin saboda kai. Abin da ke rikita su shi ne kame-kame, yau ciwon ciki gobe magani. Idan zuciyarka ta natsu da zama, ka karɓi lemonka da hannu biyu, ka jira babba ya fara ci, ka yi sallama da wuri.

Hannu biyun nan a riƙe shi: kuɗi, kati, takarda, kyauta, da hannu biyu ake miƙa wa babba, ko dama tana miƙawa hagu tana dafe da ita. Kada ka kira na gaba da kai da sunansa tsirara, da muƙaminsa ake kiransa. Idan sun tambayi shekarunka ranar da kuka haɗu ba shisshigi ba ne, suna so su san irin harshen girmamawar da za su yi maka.

Lokaci kuwa, ƙarfe tara tana nufin tara saura biyar kana zaune. Amma akwai wanda ya fi makara illa, wato cewa "to" alhali ba ka gane ba. Kunya ce take sa mu gyaɗa kai, sai ranar da aka zo karɓar aiki a tarar babu. A wurinsu gara ka ce ba za ka iya gamawa ranar Juma'a ba tun ranar Litinin, da ka zo da uzuri bayan wa'adi ya wuce. Sallar Juma'a ma haka: ka nemi lokacinta tun farkon zango, ka faɗi yadda za ka rama awannin.

A jirgin ƙasa a sassauta murya, musamman da yake Koriya tana gaban Nijeriya da awa 8, kiran gida yakan faɗo daidai lokacin tashi daga aiki. Kujerun tsofaffi da na masu juna biyu a bar su ko babu kowa. Idan za ka sauka daga bas ka sake taɓa katin biyan kuɗin mota na T-money a na'ura, in ba haka ba ka rasa rangwamen sauya mota. Za a kalle ka, wani tsoho ma ya faɗi maganar da ba ta da daɗi, kuma ba zan ce maka babu wariya ba, akwai ta, har a wajen neman haya. Amma kada ka ɗaga hannu ko an fara tura ka, domin sau da yawa duka biyun ake tuhuma. Kada kuma ka ɗora fuskar mutum a Facebook don ka tona masa asiri. Dokar ɓata suna a can tana iya kama mutum ko gaskiya ya faɗa. Ka matsa gefe ka kira 'yan sanda a 112.

Yawancin waɗannan suna sauƙaƙa ga wanda ya koyi karatu. Haruffan rubutun Koriya, wato Hangul, 24 ne kacal a yau, Sarki Sejong ne ya fitar da rubutun ga jama'a a 1446 don talaka ya iya karatu, kuma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a allo zai kama su cikin 'yan kwanaki. Ana koyar da harshen a Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, don haka ana iya farawa tun daga gida. Bayan ka samu katin zama, ka yi rajista da shirin KIIP na ma'aikatar shari'a, wanda ke koyar da harshe da zamantakewa, kuma kammala shi yana ƙara maka maki idan ka zo neman sauya biza ko zama na dindindin.