Darasi na Bakwai: Cin Abinci da Kula da Ƙiba a Lokacin Sallah

Hausawa na cewa Sallah bikin rana ɗaya ce. A wajen ɗinki da kwalliya haka ne, amma a wajen ci maganar ta sha bamban. Naman layya da aka soya aka zuba a bokiti yakan kai mako biyu ko uku ana tsakura. Cincin da dubulan da alkaki na Ƙaramar Sallah su ma sukan daɗe a cikin roba a ƙuryar ɗaki. Cin ranar Idi kaɗai ba ya sa mutum ƙiba. Kwanakin da ke biyo baya su ne abin lura.

Wannan darasi na mai son rage ƙiba ne, da mai hawan jini ko ciwon sukari, da kuma uwargida wadda tukunya ke hannunta. Kada ku ɗora wa kanku burin ramewa a makon Sallah, don da wuya ya yiwu, kuma wanda ya gwada ya kasa yakan yi fushi ya saki komai. Ya isa ku fita daga Sallah da nauyin da kuka shiga da shi. Rage ƙiba sai ta ci gaba bayan baƙi sun watse.

Ku fara da igiya

Ba kowane gida ke da sikeli ba, amma kowane gida akwai igiya. Ku tsaya a miƙe ba takalmi. Wani ya auna tsawonku da igiya tun daga ƙasa har tsakar kai, ya yanke. Ku ninka igiyar biyu. Sai ku zagaya ta a cikinku, ɗan sama da cibiya kaɗan, ba tare da kun shanye ciki ba. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce kada faɗin ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya kasance ƙasa da santimita 80.

A garuruwanmu ana yi wa mai tumbi kallon wanda ya samu, ana yi wa matar da ta yi ƙiba barka da hutu. To amma kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Ku yi wannan awo mako ɗaya kafin Sallah, ku ƙulla alama a jikin igiyar, ku adana ta.

Mai da sukari

Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da ake kira kalori. Babbar mace na buƙatar kusan kalori 2,000 a rana, namiji kusan 2,500, gwargwadon aikin da mutum yake yi. Abin da aka ci ya yi rara, jiki yana ajiye shi ya zama kitse. Giram ɗaya na sitacin da ke cikin hatsi, ko na abin da ke cikin tsokar nama mai gina jiki, yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na mai yana ba da 9. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120.

Yanzu ku tuna yadda ake tuyar waina. Kowane gurbi na tanda ana ɗiga masa mai, a juya, a ƙara. Sai a kawo miyar taushe mai na yawo a kanta, wani ma ya ce a sa masa man shanu. Funkaso da cincin da dubulan kuwa a cikin mai suke nutsewa. Ba a ce a daina waina ranar Sallah ba, wa zai yarda? Amma uwargida za ta iya rage abu biyu ba wanda ya gane. A daina tuttula mai daga galan, a riƙa aunawa da cokali. Idan miya ta dahu, a bar ta ta ɗan lafa, a kwashe man da ya taso sama. Ga mai ci kuma, waina uku da miya mai yawan ganye da kabewa sun fi waina bakwai da sukari.

Sukarin da ake sha ya fi na ci ɓarna, saboda ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke samu a rana daga abin da ake zuba wa abinci da abin sha ya wuce kusan giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. Kwalbar lemo mai santilita 35 irin ta Coca-Cola tana da kusan cokali 9. Ta roba mai santilita 50 ita kaɗai ta cinye kason yini guda. Lemon malt da ake kai wa marasa lafiya da masu jego da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari. Zoɓo da kunun aya da lemon citta na gida sun fi, amma fa idan mai haɗawa ta riƙe hannunta. Zoɓon da aka juye wa gwangwani biyu na sukari bai bambanta da lemon kwalba ba. Ku ɗebi naku kafin a zuba sukarin, ku sa kanumfari da citta da ɓawon abarba su ba shi ɗanɗano.

Naman layya

Nan ne aikin yake. Ran Sallah a ci kayan ciki, washegari a yi suya, rana ta uku kai da ƙafa, daga nan sai dambun nama da soyayye safe da yamma. Masana cutar daji na ba da shawarar kada jan nama da babba ke ci ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, bayan an dafa. Rabin kilo ke nan a kwana bakwai. Mutane da yawa suna cinye wannan kafin la'asar ta ranar farko.

Ido ba mudu ba, ya san ƙima. A kowane zama ku ɗebi nama kamar faɗin tafin hannunku ban da yatsu, ku zuba a faranti, ku rufe bokitin, ku bar wurin. Cin da ake yi a tsaye a bakin kaskon suya, ana ɗanɗana wannan ana ɗanɗana wancan, shi ne ba ya shiga lissafi, kuma masu suya su suka fi faɗawa ciki. Mai suya ta ci abincinta ta ƙoshi kafin ta ɗora kasko.

A lokacin fiɗa, a yanke farin kitsen da ke jikin tsoka a ware shi. Ba dole ba ne duk naman ya shiga mai. A yi farfesu da wani, a gasa wani, a yanka wani siriri a shanya. Soyayyen nama yana shan gishiri da dunƙule don kada ya lalace, kuma dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yaji. Mai hawan jini ya kula da wannan sosai. A ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da masoro, a rage dunƙule.

Hanya mafi sauƙi ta rage naman da ke gida ita ce wadda addini ya riga ya nuna. A cikin Suratul Hajji an ce a ci daga abin da aka yanka, a kuma ciyar da mabuƙaci. Malamai da yawa sun so a kasa naman uku: na gida, na kyauta, na sadaka. Gidan da ya fitar da kashi biyu tun ranar farko ya samu lada, kuma bokitinsa ba zai kai mako uku ba.

Kada nama ya kori ganye. Kwaɗon zogale, rama, lansir, kabeji, tumatir da albasa su cika rabin farantin. Tuwo ko shinkafa kada su wuce girman dunƙulen hannunku. Ganye yana cika ciki, yana kuma maganin taurin bayan gida da ke damun mutane a makon layya.

Yawon Sallah

Wahalar ba a gidanku take ba, a gidan dangi take. Ka shiga gida biyar, a kawo maka kwano biyar, kuma ƙin ci abin kunya ne. Ku karanta wannan hira, mutum biyu su tashi su yi ta a gaban aji.

“Salamu alaikum. Goggo, barka da Sallah.”

“Amin, alaikumus salam. Lale marhabin da ɗiyata. An yi Sallah lafiya? Ina maigidan da yara?”

“Lafiya lau, Goggo, suna gaishe ki. Allah Ya maimaita mana.”

“Amin. Matso ga waina da zafinta, ga nama, ga lemo. Yau sai kin tashi da kwanon nan.”

“Kai, Goggo, wainarki ai ba a wuce ta. Bari in ci biyu. Lemon dai a bar wa yara, ruwa zan sha.”

“Biyu kacal? Ko dai ba ki da lafiya ne? Ko kuwa abincina ne bai yi miki ba?”

“Wane ni, Goggo! A asibiti aka ce jinina ya ɗan hau, in rage maiƙo da zaƙi. In ba damuwa ki ƙulla mini sauran, jikokinki suna can suna jira.”

“Ayya, Allah Ya sawwaƙe. To ci abin da za ki iya. Bari in sa miki a leda.”

Ku lura da abin da ta yi. Ta yaba girkin, ta sa hannu ta ci, ta faɗi dalilinta a taƙaice, ta nemi a ƙulla mata. Ba ta yi wa Goggo wa'azin kitse ba. Babba ba ya jin haushin wanda ya ci kaɗan ya yi godiya. Wanda ya ture kwano shi ake riƙewa a zuci.

Kafin ku fita yawon Sallah ku ci wani abu mai riƙe ciki a gida, kamar ƙwai dafaffe, ko wake, ko nono marar sukari. Wanda ya ƙi karyawa don ya bar wa nama wuri, da yunwa zai isa gidan farko, kuma mai yunwa ba ya awo. Ku zaɓi gida ɗaya da za ku ci ku ƙoshi, sauran a taɓa kawai. Ku ci a hankali, domin ƙoshi yakan ɗauki ɗan lokaci kafin mutum ya ji shi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Ƙaramar Sallah tana da nata tarko. Bayan kwana 29 ko 30 na azumi, wasu sun ɗan faɗa, sai su ce bari su rama. A mako biyu abin da ya zube ya dawo har da riba. Sunna ce a ci dabino kafin a tafi Idi, to a fara da shi da ruwa da abu mai sauƙi, kada a auka wa tuwo da sassafe. Mai niyyar Sitta Shawwal ya sani cewa azumin shida zai taimaka masa ne kawai idan buɗa-bakin bai zama ƙosai da soyayyar doya da kunu mai sukari kullum ba.

Tafiya a ƙasa

Babba na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Sallah ta zo da damar yin haka. A je filin Idi a ƙasa in ba nisa, a dawo ta wata hanya kamar yadda sunna ta koyar. Gidan dangin da ke cikin unguwa ba ya buƙatar a-daidaita-sahu. Mai zuwa kallon hawa, irin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, ya riga ya yi tafiyar yini. Matan da ba sa fita sosai su zagaya tsakar gida bayan cin abinci, ko na minti goma ne. Sai dai kada a ruɗi kai: tafiyar rabin awa da sauri ba ta ƙone abin da ya fi lemon kwalba ɗaya da yawa ba.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya tsallake abinci don zai ci da yawa anjima. Sukarinsa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, har ya suma. Ya ci a kan lokaci, ya sha maganinsa, ya tafi da shi in zai yi tafiya. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara ba a sa su rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Bayan Sallah masu tallar shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙen wankin ciki sukan yi kasuwa. Yawancinsu gudawa ko yawan fitsari suke sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan, kuma ƙoda na iya wahala. Ramar da ke ɗorewa ita ce ta rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Idan kun zarce a ci wata rana, kada ku kwana da yunwa washegari don ramuwa, ku koma awonku na kullum a ci na gaba.

Aikin aji da na gida

Lissafi: wani magidanci ya sha lemon kwalba 3 ranar Sallah, kowace tana da sukari cokali 9. Cokali nawa ya sha? Da cokali nawa ya wuce 12?

Rubutu: ku rubuta sunayen abinci biyar da ake yi a gidanku da Sallah. Ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda ake soyawa. A gaban ɗaya daga ciki, ku rubuta wata hanyar dafa shi ba tare da suya ba.

Tattaunawa: me za ka ce wa surukinka idan ya cika maka kwano da nama? Me za ki ce wa uwar mijinki? Kowa ya faɗi nasa da irin maganar garinsu.

A gida: ku auna man da kuke zubawa a miya da cokali na kwana uku, ku rubuta adadin kowace rana a littafinku. Mako biyu bayan Sallah ku ɗauko igiyar da kuka ƙulla wa alama, ku sake awo, ku zo da ita da littafin ranar darasi na gaba.