Yadda za ka kare dokinka daga kumburin kofato tun kafin ya fara ɗingishi

Doki yana tsaye ne a kan yatsa guda a kowace ƙafa. Ƙashin ƙarshe na wannan yatsa yana cikin kofato, kuma abin da ke riƙe shi da bangon kofaton wasu siraran faifan nama ne, sama da 500, da suka sarƙe da juna kamar yadda kake sarƙe yatsun hannuwanka biyu. Idan suka yi rauni suka miƙe, ƙashin sai ya saki, ya karkata ko ya nutse ƙasa, wani lokaci har ya huda tafin kofaton. Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo laminaitis. Duk wanda ya taɓa ganin doki a cikinsa, ya miƙa ƙafafun gaba, ya tattara nauyinsa baya, gumi na zuba, ba zai so ya sake gani ba.

Ciwon na iya biyo bayan ɓarkewa da hatsi, ko zazzaɓi mai tsanani, ko mabiyiya da ta maƙale wa goɗiya bayan haihuwa. Amma mafi yawan lokuta tushensa yawan sinadarin insulin ne a jini, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya suka riƙa ɗura wa wasu ƙananan dawakai masu lafiya insulin ta jijiya, ba tare da sun bar sukarin jininsu ya hau ko ya sauka ba, dukkansu suka kamu da ciwon cikin kwana 3. Wani binciken a Finlan a 2011 ya gano cewa kashi 89 cikin 100 na dawakan da aka kai asibiti da wannan ciwo suna da matsalar sinadaran jiki. Don haka aikin rigakafi daga kwanon abinci da gwajin jini yake farawa.

Mataki na farko: gane wace matsala ce

Larurori biyu na sinadaran jiki ne ke kan gaba wajen jawo wannan ciwo, kuma doki ɗaya na iya haɗa su.

Ta farko ita ce wadda ake taƙaita sunanta na Turanci da EMS. Dokin da ke da ita, da ya ci abu mai sukari ko sitaci sai jikinsa ya fitar da insulin fiye da kima. Galibi irin dokin nan ne da ake cewa ko iska ya sha sai ya yi ƙiba. Za ka ga kitse ya taru a doron wuya ƙarƙashin geza ya yi tauri, da bayan kafaɗa, da gindin wutsiya, da wajen marena ko hantsa. Ƙananan dawakai, da jinsin Larabawa, da jakuna sun fi saurin kamuwa. Akwai kuma siraran dawakai masu ita, don haka rashin ƙiba ba shaida ba ce.

Ta biyu ita ce PPID, wadda da ake kira cutar Kushin. Ta tsofaffi ce: kusan doki ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 15 yana da ita. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, fituwitari, wanda wani sashensa ke aiki ƙarƙashin linzamin sinadarin dofamin. Idan jijiyoyin da ke kawo dofamin suka lalace da tsufa, sashen sai ya kumbura ya dinga zubo sinadarai babu ƙaƙƙautawa. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce gashi ya yi tsawo, ya nannaɗe, ya ƙi kaɗewa a lokacinsa. Kafin a kai nan, naman gadon baya yakan zube, ciki ya sauko, dokin ya yi sanyin jiki, ya yawaita shan ruwa da fitsari, rauni ya daɗe bai warke ba. Mutane da yawa suna ganin waɗannan su ce ai tsufa ne, su wuce.

Mataki na biyu: auna shi da hannu da tef

Ido yana yaudara, musamman idon mai doki da ke ganinsa kullum. Kuma dole in faɗi abin da ke da wuyar karɓa: dokin da ya cika ya yi sumul, wanda kowa ke yabawa, sau da yawa shi ne yake bakin haɗari. Ɗora tafin hannunka a gefensa ka shafa. A ma'aunin Henneke, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 9, ana son doki a kan 5: ba a ganin haƙarƙari amma ana jin su da shafa kaɗan. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji su, ya kai 7 ko fiye. Kama doron wuyan ka girgiza. Mai laushi da ke kaɗawa ya fi sauƙi a kan wanda ya yi tauri ya cika hannu.

Idan babu sikeli, ga lissafin da ke ba da kusan nauyinsa. Auna kewayen ƙirji daidai inda majanyin sirdi ke bi, da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Dokin da kewayensa 170, tsawonsa 160, ya kai kusan kilo 390. Auna har da tsakiyar wuya, ka rubuta, ka maimaita duk mako biyu.

Mataki na uku: a ɗibi jini

Wannan aikin likita ne. Don PPID ana auna sinadarin ACTH, wanda ƙullutun fituwitari ke fitarwa, idan sakamakon bai fito sarai ba a yi gwajin TRH, wato a yi wa dokin allurar wani sinadari sannan a sake auna ACTH ɗin. ACTH yana hawa da kansa a kowane doki a watannin da yini ke fara gajarta, shi ya sa ake fassara sakamakon da la'akari da lokacin shekara. Don insulin, ana iya auna shi haka kawai, amma wasu dawakan sai an ba su ruwan sukari an ɗebi jini bayan minti 60 zuwa 90 sannan matsalar ke bayyana. Ko an tabbatar da PPID, nemi a auna insulin ɗin, domin shi ne ke nuna ko kofato na cikin haɗari. Zafin ciwo yana ɗaga sakamakon biyun, don haka gwajin da aka yi dokin na tsakiyar azaba sai an maimaita shi bayan ya lafa.

Mataki na huɗu: gyara abinci

Nan ne yawancin aikin yake, nan ne kuma aka fi kasawa. Fara da cire hatsi kowane iri, da dusa, da duk haɗin da aka zuba wa baƙin ruwan rake, da 'yan kayan zaƙin da ake miƙa masa da hannu. Tushen abincinsa ya zama ingirici, wato busasshiyar ciyawa, wadda sukari da sitacinta a haɗe ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ba a gane wannan da launi ko ƙamshi, sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Ciyawar da ta manyanta kafin a yanke ta takan fi ɗanyar ƙarancin sukari.

Idan ba ka san abin da ke cikin ciyawarka ba, jiƙa ta. Nutsar da ita gaba ɗaya a ruwan sanyi mai yawa na tsawon awa ɗaya, ka ɗaga ta tsane. Dubi ruwan: ya koma ruwan kasa, yana ɗan ƙamshin zaƙi. Wani ɓangare na sukarin ne ya fita, don haka zubar da shi inda dokin ba zai kai baki ba, kada kuma ka sake jiƙa wata a ciki. Yawan abin da jiƙo ke cirewa ya bambanta daga ciyawa zuwa ciyawa, kuma a lokacin zafi jiƙaƙƙiya tana saurin tsami, sai a ba shi nan take.

Sai yawa. Dokin da ake so ya rage ƙiba ana ba shi kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a yini, a auna kafin a jiƙa. Ga dokin nan namu mai kilo 390, kusan kilo 6 ke nan. A auna da sikeli, ba da runguma ba. A raba shi sau uku ko huɗu, a zuba a raga mai ƙananan ƙofofi don ya daɗe yana tsinka, saboda cikin doki ba ya son zama wayam na awanni da yawa. Abin da ake nema shi ne ya riƙa zubar da kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na nauyinsa a mako, wato kilo 2 zuwa 4.

Kada ka ce za ka gaggauta ta hanyar horar da shi da yunwa. Dabba mai ƙiba da aka hana abinci, musamman ƙaramin doki ko jaki, kitsen jikinta na iya kwararowa cikin jini ya lalata hanta, kuma wannan yana kisa. Duk ragin da ya wuce wanda na faɗa sai da sa idon likita. Tun da ciyawa kaɗai ba ta cika buƙatar jiki, ƙara masa gishiri da ɗan haɗin bitamin da ma'adinai da furotin marar sukari.

Tsohon doki mai PPID da ya rame lamarinsa daban ne. Shi ƙari yake buƙata, daga abinci mai yawan zare da ɗan man girki, bayan an duba haƙoransa da tsutsar ciki.

Mataki na biyar: yi hattara da ɗanyar ciyawa

Ciyawa tana tara sukari ne da hasken rana, ta yi amfani da shi wajen girma cikin dare. Saboda haka sukarinta ya fi yawa da la'asar, ya fi ƙaranci da asuba. Amma idan dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salsiyas, girma yakan tsaya, sukarin ya kwana a ganye, safiyar ma ba ta da aminci. Sabon tsiro bayan ruwan farko, da ciyawar da fari ya takura, su ma abin tsoro ne. Dokin da insulin ɗinsa ke sama a ɗauke shi daga makiyaya gaba ɗaya, a sa shi a fili marar ciyawa tare da abokin zama, har sai gwaji ya nuna ya sauka. Idan za a mayar da shi, a fara da ɗan lokaci da sassafe, da takunkumin kiwo mai ƙaramar ƙofa a ƙasa. Rage lokaci kaɗai ba ya isa, domin wasu dawakan da sun gane lokacin kaɗan ne sai su yi ta yaga babu ɗaga kai.

Motsa jiki yana taimaka wa jiki ya saurari insulin. Muddin ƙafafunsa lafiya suke, a ba shi aikin da zai sa shi ɗan gumi, kamar rabin awa, kwana biyar a mako, a hau a hankali.

Mataki na shida: magani

PPID ba ta warkewa amma ana riƙe ta da ƙwayar pergolide, wadda ake sayarwa da sunan Prascend, sau ɗaya a yini har ƙarshen rayuwa. Ana farawa da kimanin miligiram 1 ga doki mai kilo 500, a sake gwajin jini bayan wata ɗaya zuwa biyu a daidaita. Wasu kan ƙi cin abinci a makonnin farko. Idan haka ta faru gaya wa likita, yakan rage ya sake hawa sannu a hankali. Duba kwanon kullum, don akwai dawakan da suka iya tsince abinci su bar ƙwayar a gefe.

Ga EMS, likita na iya ƙara levothyroxine don saurin rage ƙiba, ko metformin, ko sababbin magunguna irin ertugliflozin da ke fitar da sukari ta fitsari, waɗanda idan ana ba da su sai ana bibiyar kitsen jini. Babu ɗayansu da ke maye gurbin gyaran abinci. Kuma duk wanda zai yi wa dokinka allurar sitiroyid, wato wani maganin kumburi, ko a gaɓa ce, sanar da shi halin insulin ɗinsa tukuna.

Mataki na bakwai: taɓa ƙafafunsa kowace safiya

Tsuguna gefen ƙafar gaba. Zagaya da yatsunka bayan gaɓar da ke saman kofato, ta gefe, za ka ji wasu jijiyoyi suna mirginawa ƙarƙashin fata kamar igiya. Danna a hankali. A doki mai lafiya da ƙyar za ka ji bugun jinin. Idan yana dukan yatsanka da ƙarfi, musamman a ƙafafun gaba biyu, akwai magana. Koyi wannan tun yana lafiya don ka san bambancin. Taɓa bangon kofato ka ji ko zafinsa ya daɗe bai sauka ba. Ja shi a ƙasa mai tauri ka juya shi a ƙaramin da'ira: taku gajere, da ɗari-ɗari wajen juyawa, da yawan sauya ƙafa a tsaye, su ne farkon abin.

Kofaton kansa yana ba da labarin watannin baya. Layukan da suka zagaye shi, idan sun matse a gaba sun buɗe wajen dunduniya, ko farin layin da ke tsakanin bango da tafi ya yi faɗi, to ciwon ya daɗe yana aiki a ɓoye. A gyara kofato duk mako 4 zuwa 6, kada a bar bakinsa ya yi tsawo, domin dogon baki yana ƙara jan faifan nan a kowane taku.

Ranar da ka ga alamun, kira likita a ranar. Fitar da shi daga ciyawa, kada ka tilasta masa tafiya, idan barga na da nisa a ɗauko shi da mota. Shimfiɗa masa yashi ko ɓawon katako mai kauri har bakin ƙofa don tafin ya sami matashi, ka bar shi ya kwanta idan yana so. Ba shi jiƙaƙƙen ingirici da ruwa kusa da shi. Likita zai ba da maganin zafi, ya sa abin tallafe tafin, ya ɗauki hoton ƙashi don mai gyaran kofato ya san kusurwar da zai bi. Maganin zafin zai sa dokin ya yi kamar ya warke alhali faifan ba su kama ba, don haka zai ci gaba da zama a barga makonni bayan ya daina ɗingishi ba tare da magani ba. Sabon bango yana saukowa daga sama ƙasa da santimita ɗaya a wata, kofato gaba ɗaya yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta, kuma hoton ƙashi na gaba ne zai nuna lokacin da za a iya ɗora masa sirdi.