Yadda Ɗalibin da Ya Yi Karatu da Faransanci Zai Shirya wa Sashen Ingilishi na Jarrabawar GRE

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa a Kamaru, yake kuma neman gurbin digiri na biyu a Amurka, sau da yawa yakan tarar an sa jarrabawar GRE cikin sharuɗɗan shiga. Hukumar ETS ta Amurka ce ke shirya ta, kuma ba ɗaya take da TOEFL ba, domin TOEFL tana auna ko baƙo ya iya Ingilishi ne, ita kuwa GRE har ɗaliban da suka tashi da harshen tun suna goye sukan rubuta ta, su kuma ji jiki. Kafin a kashe ko sisi, a fara duba shafin sashen jami'ar da ake nema, saboda sassa da dama sun daina neman ta.

Matakin farko shi ne sanin fasalin jarrabawar. Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawonta zuwa kusan awa biyu. Sashen fahimtar harshe, wato sashen Ingilishi, ɗaya ne daga cikin sassanta, kuma kashi biyu ne: tambayoyi 12 cikin minti 18, sannan tambayoyi 15 cikin minti 23, kuma wuyar kashi na biyu ta danganta da ƙoƙarin da aka yi a na farko. Maki yana kamawa daga 130 zuwa 170. Tambayoyin iri uku ne: karanta nassi a amsa tambaya a kansa, wanda ya kai kusan rabin sashen, cike gurbi ɗaya zuwa uku a cikin gajeren nassi, da zaɓen kalmomi biyu daga cikin shida waɗanda kowace za ta ba jimla ma'ana iri ɗaya. A iri na biyu da na uku babu rabin maki, wanda ya dace da gurbi biyu ya kuskure na uku ya tashi a tutar babu.

Daga nan sai ɗalibi ya gwada kansa tun bai fara shiri ba. ETS tana ba da jarrabawar gwaji kyauta mai suna POWERPREP, kuma ya kamata a yi ta a kwamfuta, ko da ta aro ce, ba a waya ba, tare da kiyaye lokaci. Makin da ya fito na iya sa gwiwa ta yi sanyi, amma amfaninsa shi ne ya nuna inda raunin yake.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi duka nauyi, shi ne karatun yau da kullum. Yawancin ɗalibanmu sukan fara da haddace dogon jerin kalmomi, suna zaton nan nasarar take, alhali abin da ya fi kayar da mutane shi ne kasa bin zaren hujjar marubuci a cikin jimla mai tsawo. Wanda Ingilishinsa bai wuce na makarantar sakandare ba zai iya somawa da labaran Ingilishi na jaridar Cameroon Tribune, tunda batutuwan ba baƙi ba ne a gare shi, amma kada ya daɗe a nan. Nassoshin GRE sun fi kama da rubutun mujallu irin su The Economist da Scientific American, kuma sun shafi kimiyya, da tarihi, da adabi, da nazarin zamantakewa. Saboda haka mai digirin lissafi ya tilasta wa kansa karanta sharhin adabi, mai digirin shari'a kuma ya karanta batun ƙwayoyin halitta, ko da ransa ba ya so. Idan an samu intanet mai ƙarfi, a sauke maƙaloli da yawa a ajiye a waya, don kada ɗaukewar wuta ko ƙarewar data ta katse shirin. Minti talatin bayan sallar asuba, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke hana tunani da rana, sun fi awa uku da ake yi sau ɗaya a mako.

Karatun kuma ba na wucewa ba ne. Bayan kowane sakin layi a ɗaga kai a tambayi kai: me marubucin ya ce, ra'ayinsa ne ko na wani ya kawo don ya rushe shi, kuma me ya sa ya sanya wannan sakin layi a nan? A rubuta amsar a jimla ɗaya, da Hausa ma idan an so, domin wanda ya kasa faɗin abu da harshensa bai fahimce shi ba tukuna. A riƙa ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomin da ke juya akalar magana, irin su although, yet, despite, however da hardly. Su ne fitilun hanya, kuma wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai fahimci akasin abin da aka rubuta.

Sai batun kalmomi. A nan wanda ya yi karatu da Faransanci yana da jarin da bai san da shi ba, domin da yawa daga cikin kalmomin da ke firgita ɗaliban Amurka sun fito ne daga Latin ko Girkanci, kuma ya riga ya san su: ephemeral ita ce éphémère, prodigal ita ce prodigue, laconic ita ce laconique. Irin waɗannan ba sa buƙatar ɓata lokaci. Ƙarfin ɗalibi ya tafi ga rukuni biyu. Na farko shi ne kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu ta bambanta: eventually tana nufin daga ƙarshe, ba wataƙila ba, sensible tana nufin mai hankali, ba mai saurin jin abu a rai ba, deception yaudara ce, ba ɓacin rai ba. Na biyu kuma gajerun kalmomi ne da Faransanci ba zai taimaka a kansu ba, irin su shun, wary, dearth da belie.

Kowace sabuwar kalma a rubuta ta tare da jimlar da aka tsince ta a ciki, a duba ta a ƙamus na Ingilishi zalla irin Merriam-Webster, sannan a haɗa ta da 'yan'uwanta masu ma'ana kusa. Ana iya yanka kwali a yi ƙananan katuna, ko a yi amfani da manhajar Anki, wadda ke dawo da kalma daidai lokacin da ake gab da mantawa da ita. Kalmomi goma a rana tare da bita sun wadatar.

Ga yadda abubuwan biyu, bin zaren jimla da sanin kalmomi, ke haɗuwa. A ce an ba da jimla kamar haka: "Although the minister's speech was ____, the report that followed it ran to several hundred pages." Kada a kalli zaɓin amsoshi tukuna. Kalmar although ta nuna saɓani tsakanin jawabin da rahoton, rahoton kuwa dogo ne, don haka gurbin yana neman kalma mai nufin gajere. Sai yanzu a duba zaɓin, a nemo biyu da suka dace da wannan hasashe, misali laconic da terse. Ta farko Faransanci ya ba da ita kyauta, ta biyu kuwa sai wanda ya haɗu da ita a karatu. Idan aka ga eloquent a cikin zaɓin a yi hattara, domin ta dace da jawabin minista amma ba ta saɓa wa tsawon rahoto ba, kuma irin wannan tarkon ne masu shirya tambayoyin suka fi ɗanawa.

A makonnin ƙarshe a koma aiki da agogo, tunda minti 41 ga tambayoyi 27 bai wuce kusan minti ɗaya da rabi ga kowace ba. Ana iya tsallake tambaya a dawo mata a cikin kashi ɗaya, kuma ba a rage maki don amsar kuskure, saboda haka kada a bar ko ɗaya babu amsa. A tanadi littafi na musamman inda za a rubuta kowane kuskure da dalilinsa, ko rashin sanin kalma ne, ko gaggawa, ko shigo da sanin da ba ya cikin nassin. Idan ɗalibai biyu ko uku suka haɗu kowa ya kare amsarsa da hujja daga nassin, abin yakan fi zama a kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a duba fasfo tun da wuri, a tabbatar sunan da aka yi rajista da shi ya yi daidai da na cikinsa harafi da harafi. Ana iya sake jarrabawar bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar. Wanda ya zaɓi rubuta ta a gida sai ya tanadi kwamfuta mai kyamara, da ɗakin da babu mai shigowa, da intanet da wutar da ba za su yanke ba har a gama.