Yanda za ka karanta binciken ƙwayoyin gado a mabubbugar yawun mai ciwon Shogiren

Wannan na rubuta shi ne musamman don ɗalibai da masu aikin lab da suke cin karo da takardun bincike kan ciwon Shogiren, su ga jerin sunayen ƙwayoyin gado irin su IFI44L da CXCL13 da BAFF kai ya ɗau zafi. Ciwon dai garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa wuraren da ke samar da yawu da hawaye, baki ya bushe ido ya bushe, mutum ya kasa haɗiye busasshen abinci sai da ruwa, haƙora su riƙa lalacewa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, shi ya yi bayaninsa a 1933, kuma kusan tara cikin goma na masu shi mata ne.

Da farko ka gane me ake aunawa. Kusan kowane sel a jikinka ƙwayoyin gadonsa iri ɗaya ne, wajen 20,000 masu haɗa furotin, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Wanda ke aiki yana fitar da kwafin saƙo da ake kira RNA, to yawan wannan kwafin shi ake ƙirgawa. Idan takarda ta ce ƙwayar gado kaza ta "tashi", ma'ana an samu RNA ɗinta da yawa kenan, ba wai DNA ɗin mutum ya canza ba. Mutane da yawa a nan suke fara ɓacewa.

Sai ka duba daga ina aka ɗauko naman. Manyan mabubbugan yawu kashi uku ne, na gaban kunne da na ƙarƙashin muƙamuƙi da na ƙarƙashin harshe, sannan akwai ƙanana ɗaruruwa a warwatse cikin baki. Yawancin bincike da ƙananan cikin leɓen ƙasa ake yi saboda su ne ke da sauƙin cirowa, ɗan yanka kaɗan ne da allurar kashe zafi. Amma fa yawun da kowannensu ke yi ba iri ɗaya ba ne, na gaban kunne tsinkakke ne mai ruwa-ruwa, na leɓe mai kauri da yauƙi, don haka kada ka ɗauki sakamakon leɓe ka ɗora wa na gaban kunne kai tsaye. Wasu takardun ma jini suka auna ba nama ba, wannan kuma wani zance ne daban.

Bayan nan ka tambaya, su waye aka kira marasa lafiya, su waye aka gwada su da su? Ƙa'idar ACR da EULAR, ƙungiyoyin likitocin ciwon gaɓoɓi na Amurka da na Turai, ta 2016 maki take bayarwa. Idan an ga aƙalla dunƙule ɗaya na fararen ƙwayoyin jini 50 ko fiye a kowane murabba'in milimita 4 na naman, maki 3. Idan an samu anti-Ro, wani furotin garkuwa mai far wa jikin mutum kansa, a jini, maki 3. Gwajin hawaye na Schirmer, idan jiƙewar takardar da aka sa a ido ba ta wuce milimita 5 ba cikin minti 5, maki 1, yawun da bai wuce mililita 0.1 a minti ba, maki 1, sai gwajin rina ido, in ya nuna lalacewa, shi ma 1. Wanda ya kai 4 ya shiga sahun masu ciwon. Abin lura, mutum zai iya kaiwa 4 ɗin ba tare da naman leɓensa ya nuna dunƙule ba, kuma irin wannan majinyacin ƙwayoyin gadonsa ba za su yi kama da na wanda namansa ya cika da fararen ƙwayoyi ba. Ɓangaren da ake gwadawa da su kuma, sau da yawa ba lafiyayyu ba ne, mutane ne masu bushewar baki da aka ciri naman leɓensu aka ga ba Shogiren ba ne, tunda ba kasafai mai lafiya zai yarda a yanka masa leɓe ba. Ka duba shekarunsu, don tsufa kaɗai yana sa kitse da tabo su maye gurbin naman. Ka duba magungunan da suke sha. Ka duba jinsi ma, in ka ga XIST, ƙwayar gadon da a jikin mata take aiki, a sahun gaba na jerin to wataƙila mata sun fi yawa a gefe ɗaya ne kawai.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa, don wallahi shi ne zuciyar maganar. A yawancin binciken nan, naman gaba ɗaya ake niƙewa a ciro RNA, masu yin yawu da na bututun da yawun ke bi da baƙin da suka kutso wato fararen ƙwayoyin jini na B da T, duk a cakuɗe. To idan sakamako ya nuna CD79A, wadda alamar ƙwayoyin B ce, ko ƙwayoyin gadon haɗa furotin garkuwa sun ninka sau da yawa, ba lallai ba ne wani sel ya canza hali, zai yiwu ƙwayoyin B ne kawai suka yi yawa a wajen. Haka idan masu alaƙa da yin yawu suka sauka, ko dai sel ɗin suna nan amma sun rage aiki, ko kuma sun mutu sun ragu. Biyun nan a kan takarda kamarsu ɗaya, amma ga majinyaci bambancinsu babba ne, domin wanda sel ɗinsa ke raye akwai fatan magani ya farfaɗo da su. Kuma an daɗe da lura cewa tsananin bushewar ba koyaushe yake tafiya daidai da yawan kutsen ba, akwai wanda naman bai lalace sosai ba amma yawu ya ƙafe. Shi ya sa ake bin AQP5, ƙofar da ruwa ke bi ya fita daga sel, inda wasu masu bincike suka ga matsalar tana ga wurin da take zaune a jikin sel ɗin, abin da ƙirga RNA ba zai taɓa nuna maka ba. Saboda haka ka nemi ko marubutan sun auna sel ɗaya-bayan-ɗaya, ko sun rina naman sun duba a madubin lab don a ga wane sel ne ke fitar da saƙon.

Sunayen da za ka yi ta gani kuwa kashi-kashi ne. IFI44L da IFIT1 da MX1 da STAT1 'yan gidan intaferon ne, sinadarin da jiki ke saki idan bairos ya shigo, a nan kuma yana kunne ba tare da an kama wani bairos takamaimai ba. Tashinsu shi ne abin da ya fi maimaituwa a binciken Shogiren, sai dai ana ganinsa a ciwon lufus ma, wani ciwon da garkuwa ke far wa jiki, ba shaida ba ce ita kaɗai. CXCL9 da CXCL10 masu kiran ƙwayoyin T ne, CXCL13 mai kiran B, BAFF kuma shi ke raya B ɗin su daɗe. CXCL13 da BAFF ni na fi ba su muhimmanci, saboda kaso kaɗan na majinyatan suna kamuwa da sankarar limfoma, galibi a mabubbugar gaban kunne, kuma daga ƙwayoyin B take tasowa.

Lissafi kuma kada ya tsorata ka. Idan ka gwada ƙwayoyin gado 20,000 da ma'aunin p na 0.05, lambar da ake yanke hukunci da ita ko bambanci ya wuce dace kawai, kusan 1,000 za su iya fitowa kamar sun bambanta ko da babu komai, don haka p ɗin da aka gyara za ka duba, wanda ake rubutawa FDR. Lambar log2, mai nuna girman bambancin, idan 1 ce ninki biyu kenan, 2 ninki huɗu, 3 ninki takwas. Ka ƙirga mutanen, biyar da biyar ishara ce kawai. Ka duba RIN, ma'aunin lafiyar RNA daga 1 zuwa 10, don RNA saurin lalacewa gare shi in ba a daskarar da naman da wuri ba, kuma in duk majinyata an yi aikinsu rana ɗaya sauran kuma wata rana, bambancin zai iya zama na ranar ne.

In kana so ka taɓa da hannunka, ka shiga rumbun GEO na NCBI, cibiyar bayanan kimiyyar halittu ta Amurka, a intanet, kyauta ne, ka rubuta sunan ciwon da haruffan asali, wato Sjögren, ka zaɓi bayanan naman leɓe, ka danna GEO2R, manhajar kwatanta samfura da ke shafin, ka raba samfurin gida biyu, majinyata da waɗanda ake gwadawa da su. Jerin da ya fito, ka fara neman 'yan intaferon ɗin can, sannan ka nemi PTPRC, wadda kusan duk fararen ƙwayoyin jini ke ɗauke da ita, ka ga ko samfuran da ta fi yawa a cikinsu su ne dai waɗanda sauran suka fi tashi.