Darasi na Tara: Sabunta Katakan Gindi da Daɓen Tsohon Jirgin Faiba

Jirgin kamun kifi na faiba ba ya ruɓewa kamar kwale-kwalen katako. Jikinsa zaren gilashi ne da aka jiƙa da rezin, wani ruwan gam mai kauri, ya daskare ya yi tauri. Amma yawancin tsofaffin jiragen nan akwai katako a ɓoye a cikinsu. Ƙarƙashin daɓen da ake takawa akwai dogayen katakai, sun miƙe daga baya zuwa goshin jirgi, an lulluɓe su da faiba. Su ne katakan gindi. Aikinsu irin na azara ne a rufin soro. Su ke hana gindin jirgi lanƙwashewa idan igiyar ruwa ta buge shi.

Ruwa yakan shiga ta ramin sukuru ko ta ɗan tsagu. Ya shiga, ba shi da hanyar fita. A hankali katakon ya ruɓe, alhali waje na nan sumul.

Yadda za ka gane

Taka daɓen. Idan yana lotsawa, akwai magana. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi katakan kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya yakan yi ƙara ƙwal-ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. In kana shakka, huda ƙaramin rami. Busasshiyar dusa mai haske alamar lafiya ce. Baƙa mai danshi da wari kuwa, aiki ya same ka. Ka duba allon baya ma, inda ake ɗaura inji, don sau da yawa tare suke lalacewa.

Kafin ka taɓa zarto

Fito da jirgin tudu, cire inji da tankin mai. Sannan ka tokare gindinsa da katakai tun daga goshi har baya, ya zauna daidai. Kada ka tsallake wannan. Da zarar an cire katakan gindi, jikin jirgin zai yi laushi. Idan ya karkace ka ɗaure shi da sabon katako a haka, to ya karkace ke nan har abada, kullum yana janyewa gefe ɗaya a ruwa.

Auna tsayi da faɗin kowane katako, ka rubuta a takarda. Yanki kwali daidai siffarsa ka ajiye.

Yanzu yanka daɓen. Kada bakin zarto ya wuce kaurin filawud ɗin daɓen, don ƙasan jirgi na kusa. Ka bar kamar yatsa uku na tsohon daɓe a gefe-gefe, shi zai nuna maka inda sabon zai zauna. Kwashe ruɓaɓɓen katako. In akwai jiƙaƙƙen soso a ciki, shi ma a fitar, nauyi kawai yake ƙara wa jirgi. Bi wurin da giranda har ka ga faiba mai tsabta, ka share ƙura, ka goge da asiton, wato ruwan sinadarin da ke wanke maiƙo, ka bari ya bushe sarai. Rezin ba ya kama wuri mai danshi ko maiƙo.

Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar huhu. Sa takunkumi, da tabarau, da safar hannu, da riga mai dogon hannu. Asiton yana kama wuta nan take. Mai shan taba ya yi nesa.

Haɗa rezin

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta ya fi araha, kuma da shi aka ƙera yawancin jiragen. Ifoksi ya fi tsada, ya fi kamu. Ifoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama ifoksi da kyau, saboda haka ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Foliyesta ba ya daskarewa sai an ɗiga masa maganinsa. Lita 1 tana buƙatar mililita 10 zuwa 20. Da zafi a sa kaɗan, da sanyi a ƙara. Auna da sirinji, ban da kintace. Maganin nan yana iya makantar da mutum idan ya faɗa ido, don haka a ajiye ruwa mai tsabta kusa. Haɗa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Wanda ya cika bokiti da rana tsaka zai ga abin ya ɗau zafi ya sandare kafin ya shafa rabi, kuɗi sun tafi.

Kafa sababbin katakai

Nemi filawud na jirgin ruwa, wanda gam ɗinsa ba ya sakewa a ruwa. Na kujerun ɗaki ba zai yi ba, komai arharsa. Yanka bisa kwalin nan, ka shafe shi da rezin ko'ina, musamman bakin yanka, don ta nan ya fi shan ruwa.

Ga inda ake gane gwani. Kada katakon ya zauna kai tsaye a kan jikin jirgi. Ɗaga shi kamar milimita 6, ka cike ƙasan da rezin da aka kauraro da garin faiba har ya yi kamar ƙullu. In katako ya dafe da jiki, duk bugun ruwa a layi ɗaya zai riƙa taruwa, wata rana wurin ya tsage. Ɗauki bayan cokali ka bi kusurwar, ta zama mai lanƙwasa. Ƙyallen faiba ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi, sai ya bar iska a ƙasa.

Sai ɗauri. Shimfiɗa ƙyalle rabi a kan katako, rabi a jikin jirgi, ka jiƙa shi da burushi. Yi haka sau uku, kowane ya ɗara na ƙarƙashinsa faɗi: santimita 10, sai 15, sai 20. Jiƙaƙƙen ƙyalle yakan yi garau har ka hango katako. Inda ka ga fari, iska ce, danne ta da rola. Daga nan ka lulluɓe saman katakon duka. Ka bar ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya gangara baya, ka shafe cikinsu da rezin.

Daɓe ba shi da wuya. Filawud mai kaurin milimita 12 ya ishi ƙaramin jirgi. Shafe ƙasansa kafin ka kifa shi, manna shi kan katakan, ɗaure gefensa da jikin jirgi, ka rufe samansa da faiba. Barbaɗa yashi mai laushi a kan ɗanyen fenti don hana santsi. Duk sukurun da za ka ɗaura nan gaba, fara cike raminsa da rezin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tokare jirgi kafin a cire katakan gindi?
2. Idan lita 1 ta rezin tana cin magani mililita 10, nawa rabin lita za ta ci?
3. Me farin tabo a jikin ƙyallen faiba yake nunawa?
4. Rubuta abubuwa huɗu da za ka sa a jiki kafin ka kunna giranda.